Idon Saude da Yaron Nan

Alhamis, 5 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na dawo daga kasuwar Shinkafi da ragon da na tafi da shi. Shi ya sha iska, ni na sha rana, babu wanda ya ƙaru.

A kara na haɗu da Maccido, taubashina, dillalin shanu, mutumin da bai taɓa gaishe ni ba sai ya sa tsiya a gaba.

"Namadi tsohon reluwe," in ji shi, "har yanzu kana jiran jirgin da ba ya zuwa?"

"Ina jiran ranar da za ka hwaɗi gaskiya in yi sadaka."

"To yau ce, nemo abin sadakar. Shekaranjiya na hito Maraɗi. Wasannin ga da za a buɗe Abuja, na ƙasashen Afirka duka, Nijar ta aika da 'yan kokawa. Ɗanka na cikinsu."

Ya kama sunan da ƙarfi a tsakiyar kara, kamar mai kiran bijimi. Na duƙa ina gyara igiyar rago, wadda babu abin da ya same ta.

Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun ranar da aka raɗa masa, sunan nan bai taɓa hawa harshena ba, bai hau na uwarsa Saude ba. "Yaron nan" muke cewa, ko "wancan", kuma kowa a Dauran ya san wa ake nufi. Haka muka taras, haka muka yi. Ko a nan, inda babu mai karantawa sai ni, alƙalamina ya san wurin tsayawa.

Rabonmu da shi tun kakar shekarar da aka fara Shari'a. Ya tafi wajen kawunnansa a Madarunfa, daga can muka ji ya wuce Yamai, sai labari ya yanke. Yanzu ga shi a cikin ƙasarmu, a wurin da aka sani, na mako biyu kawai.

Na iske Saude a bakin ɗaki tana tsince wake da yatsu, ba da ido ba. Na dama ya mutu bara. Na hagu yana bin sa. Likita a Kaura ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce ke bushewa, abin da take gani zai riƙa tsukewa kamar ana jan bakin jaka, kuma ba ya jin zai kai ta sallar layya. Yaron nan bai sani ba. Wa zai gaya masa, ta ina?

Na ce da ita, "An ce mutanen Nijar sun tahi Abuja wasa."

"Wane iri?"

"Iri-iri. Gudu, ƙwallo. Har da kokawa, an ce."

Hannunta ya daɗe a cikin faifai bai motsa ba. Sannan ta ce, "Allah shi sa su iske abinci mai kyau." Ta ci gaba da tsinta. Wake take zubarwa, tana ajiye tsakuwa. Na bar ta da faifanta.

Jumma'a, 6 ga Sha'aban, da hantsi

Kowace safiya Saude kan tsaya a bakin ƙofa ta gwada idon, kamar mai zura guga ya ji saura ruwa nawa a rijiya. Yau ta ga rumbu, ta ga kazar da ke kansa. Ta ce baƙa ce. Ja ce, amma dai kaza ce.

Lahadi, 8 ga Sha'aban, bayan azahar

Jiya na ce wa Saude za ni Zurmi neman maganin ƙwarin wake, na kwana gidan Maccido. Abbati mai shayi ya fito da talabijin bakin titi, ya ta da janareta, samari suka cika benci har kan kwata. Ana buɗe wasannin.

Wani ya ce, "Baba, kai ma kallo?"

Na ce, "Shayi na zo sha."

Na kuwa sha shayin da ya fi ƙarfin cikina, don ƙasashen Afirka ba su da kaɗan, kuma kowace sai ta wuce da tutarta, a hankali, kamar 'yan rakiyar amarya. Ban san muna da yawa haka ba. Kakata da ta rene ni da tatsuniya duniyarta daga Gobir take farawa ta ƙare a Katsina, abin da ya wuce nan na aljannu ne.

Ana cewa ga Nijar nan, hoton ya koma yayyafi. Abbati ya mari talabijin, wani ya ruga ya murɗa sandar eriya. Da ya dawo, jerin ya kusa ƙarewa. A layin baya akwai wani dogo, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, yana tafiya kamar mai ɗauke da dami. Kafin in gyara tabarau an juya kan manyan mutane a kujeru. Su kam na gan su sarai, har da wanda ke hamma.

Maccido ya zungure ni da gwiwar hannu. "Shi ne!"

"Wa?"

"Ubanka mana."

Samari suka fashe da dariya, sun ɗauka zagi ne. Na bar su a haka.

Da na dawo yau Saude ta ce, "Malam, ka samo maganin?"

"Ya ƙare."

"Mutanen da sunka tahi Abuja hwa, ana nuna su?"

"Ana nunawa."

"Sun rame?"

"Sun yi ƙiba. Musamman dogayen."

Ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ɗaki, kafaɗarta ta bugi ƙyaure. Ba ta gan shi ba.

Talata, 10 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na biyo jaki da sauran dammunan gero ta tsohon dandali. Wani ya shuka kuɓewa a wurin.

A da, da zarar gero ya shiga rumbu, ganga za ta fara. 'Yan kokawa daga Moriki, daga Gurbin Bore, har daga ƙetaren iyaka. Yaron nan ya ka da duk wanda ya kamata ya kayar, ya ka da wasu da bai kamata ba. Ni ban taɓa ganin kayensa da idona ba. Uba ba ya tsayawa a dandali yana kallon ɗan farinsa, a ce yana alfahari. Bayan dangar Liman nake zama, gindin tsamiya, ina tufkar igiya. Amma ganga ba ta ɓoye komai. In an kama, takan yi sauri. In an sarƙe, takan ja numfashi. In ya ɗaga mutum, sai ta yi shiru ɗif, sannan ƙasa ta amsa, sannan guɗa. Da kunne na kalli kokawarsa duka. Igiyar da na tufka a shekarun nan ta isa ɗaure shanun Maccido da na maƙwabtansa.

Sai aka yi wani zama a ƙofar maigari, kan kiɗa da cakuɗuwar maza da mata a dandali. Dattawa suka zauna, ina cikinsu. Aka yi magana, aka tashi. Abin da aka ce da wanda ya ce shi, yana wurin Allah. Kakar nan ganga ba ta yi kuka ba.

Yaron nan ya zauna har aka gama sussuka. Wata safiya ya zo ya durƙusa. "Baba, za ni Madarunfa." Na ce Allah shi tsare. Abin da mahaifina ya ce mini ke nan ranar da zan tafi aikin reluwe, kuma ban mutu ba.

Shari'a gaskiya ce, ban taɓa shakka ba, ba kuma yau zan fara ba. Ina dai rubuta cewa kuɓewar nan ba ta yi kyau ba. Ƙasar ta taku da yawa.

Yau Saude ta ga rumbu. Ba ta ambaci kaza ba.

Laraba, 11 ga Sha'aban, da magariba

Rediyo na ta lissafin zinariya da azurfa. Babu wanda ya ce ko an ci abinci.

Jumma'a, 13 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na yi Jumma'a a Zurmi. Maganin ƙwari har yanzu bai zo ba, don haka na zauna wurin Abbati. Aka yi sa'a ana nuna kokawa.

To, na ga kokawar tasu. A ɗaki ake yi, a kan tabarmar roba, cikin wata riga da ta manne wa jiki kamar an shafa ta. Babu walki, babu kirari, babu ganga. Mutum ya kai gwiwa ƙasa, wanda a wurinmu an gama ke nan, a nan yanzu aka fara. Alƙalin wasa har kwanciya yake yi rub da ciki yana leƙen ƙarƙashin mutane, kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Yaron nan ya ƙetare iyaka yana bin ganga. Ga inda ta kai shi.

'Yan Najeriya kawai ake nunawa da duk wanda suka haɗu da shi. Na zauna ina roƙon Allah ya haɗa ɗan ƙasata da Nijar, abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba. Wani saurayi ya ce, "Baba, in Najeriya ta haɗu da Nijar, wa kake so ya ci?"

Na ce, "Alƙalin."

Ba a haɗu ba. Mai ya ƙare a janareta.

Asabar, 14 ga Sha'aban, bayan magariba

Kaura Namoda.

Anas, mijin 'yata Hamdiyya, direba ne, kuma abokinsa na cikin masu jigilar 'yan wasa a Abuja. Ta nan aka samo lambar wayar masaukin da 'yan Nijar suke. Na ce wa Anas Maccido ne ke so. Ya rubuta mini kansa a sunkuye, yaron kirki.

Hamdiyya ta biyo ni har zaure. "Baba, in raka ka in yi maganar?"

"Wace magana? Maccido ne ke da magana."

Ta dube ni da irin kallon uwarta na da, lokacin da idon ke da kaifi. Ta ce a sauka lafiya.

Wurin buga wayar yana kusa da tashar jirgi, inda na yi aikina har na gama. Ciyawa ta rufe dogo. Mutane na zaune a benci suna jiran layi, kowa na sauraron maganar kowa, don babu abin da ya fi wannan daɗi a Kaura yanzu. A cikinsu har da wani da muka yi aiki tare, ya san ni, ya san gidana.

Muhtari mai waya ya buga ya miƙo mini. Wata mata ta ɗauka da Turanci. Na kakkaɓe Turancin reluwe na ce mata Nijar nake nema. Aka daɗe, sai ga wani da Hausar can.

"Alo, wa ke magana?"

"Namadi ne daga Dauran, ta ƙasar Zurmi. Ina neman wani yaro cikin 'yan kokawarku."

"Sunanshi?"

"Dogo ne. Kahwaɗar hagu ta ɗan sauka."

"Baba, duk dogaye ne. Sunanshi?"

"Ɗan wajen Saude. Kawunnanshi na Madarunfa."

"Baba, ni ban san Madarunfa ba, ni kaya nake kula da su. Hwaɗi suna in kira maka shi yanzu. Suna nan waje."

Na buɗe baki. Benci ya yi tsit. Tsohon abokin aikina ya daina tauna goro. Sunan ya taso har maƙogwaro, ya tsaya, ya kafe ƙafafu kamar jaki a bakin gulbi. Na tura, ya ƙi.

"Alo? Baba?"

Na ce, "A gaishe su duka."

Na miƙa wa Muhtari wayarsa. Ya ce, "An gama?" Na ce an gama.

Na gaya wa Saude Hamdiyya na gaishe ta. Ta ce yau sai da ta juya kai kafin ta sami rumbun, kuma hularsa kawai ta gani.

Lahadi, 15 ga Sha'aban, da asuba

Suna nan waje, in ji shi.

Litinin, 16 ga Sha'aban, da hantsi

Maccido ya zo a kan babur ɗin haya, tun daga bakin hanya nake jin dariyarsa. Hamdiyya ta aika masa. Na ja shi gindin tsamiya kada Saude ta ji.

"Namadi! Ka hau mota har Kaura don ka gai da Nijar duka! Sun amsa?"

"Kai naka ɗan hwarin, ka taɓa kama sunanshi?"

"Ni nawa na bayan shanu, in na yi tari ya ji. Naka na hannun wata ƙasa, da tuta da komi. Can ba su san wancan ba, ba su san yaron nan ba."

"Mutane na zaune, Maccido."

"Mutane na zaune ranar zaman ƙohwar maigari ma, ai bakinka bai kahe ba."

Na dubi tsamiya. Shi ma ya dube ta. Ya san ya taka inda ba a takawa, sai ya ɓare goro ya ba ni babban ɓarin, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara.

Ya ce, "Kawo lambar. Ni bakina ba shi da ƙyaure."

Talata, 17 ga Sha'aban, bayan azahar

Na kai rago gona, na dawo da shi. Na gyara dangar da ba ta karye ba.

Suna nan waje.

Laraba, 18 ga Sha'aban, bayan la'asar

Maccido ya wuni a Kaura jiya kafin layi ya shiga. Mutumin nan na kaya ya sake samu. Ya faɗa masa sunan, mutumin ya ce a'a, ai da tsohon nan ya faɗi haka tun ranar! 'Yan kokawa sun gama nasu, yaron nan ya ka da wani, wani ya ka da shi, yanzu sun fita ganin gari. Maccido ya bar saƙon idon Saude. Ya ce mutumin na ta cewa "to, to" da muryar wanda tuwonsa ke hucewa, kuma wayar ta yanke a tsakiya. Bai yi rantsuwa saƙon zai isa ba.

Abu ɗaya ya samo mai amfani. Wasu daga cikinsu, har da 'yan kokawa, ta mota za su koma, ranar Lahadi, ta Jibiya.

"Za mu tare su bakin iyaka," in ji shi. "Kai dai tsaya kamar turke. Ni zan yi kiran."

Ya ka da wani. Ina ta tunanin yadda abin ya kasance ba ganga. Wa ya yi shiru kafin ƙasa ta amsa?

Alhamis, 19 ga Sha'aban, da hantsi

Ban je Shinkafi ba. Rago ya dube ni, na dube shi.

Saude na zaune tana shan hantsi, sai ta ce, "Malam, tuna mini kamannin mahaihinka. Sun hwara ɓace mini."

Mahaifina ya rasu tun Hamdiyya na goye, kuma Saude ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi fuskarsa ba, surukinta ne. Amma kowa ya san wanda ya ɗauko kamanninsa.

Na ce, "Dogo ne. Goshi mai hwaɗi. Girarshi ta haɗe a tsakiya."

"Hancin hwa?"

"Miƙaƙƙe, sai ɗan tudu a sama."

"Akwai tabo a haɓa," in ji ta, "inda ya hwaɗi kan turmi."

Mahaifina bai taɓa faɗuwa kan turmi ba. Na ce, "Akwai."

Muka yi ta haɗa fuskar, ni in kawo kunne, ita ta kawo wushirya, har rana ta kore mu ɗaki.

Jumma'a, 20 ga Sha'aban, da magariba

Rediyo ya ce wasanni sun zo ƙarshe, kowa na ɗaure kaya. Mai labarin murna yake yi.

Hular rumbu, rabinta.

Asabar, 21 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na ce wa Saude gobe zan raka Maccido Jibiya ganin wasu shanu. Ba ta tambayi tun yaushe na san shanu ba. Ta wuni tana daka, ta ƙi a taya ta. Ta ƙulle dakuwa a tsumma mai tsabta, mai yaji sosai, irin wadda ni ba na iya ci.

"Ko za ka haɗu da mai jin yunwa a hanya," in ji ta.

Lahadi, 22 ga Sha'aban, bayan isha'i, gidan Maccido a Zurmi

Bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Mun bi ta Gurbin Bore muka isa Magama, bakin iyaka, da hantsi. Muka zauna kusa da wata mai fura. Manyan motoci, 'yan canji, masu rake, jami'ai. Muka yi azahar. Muka yi la'asar. Duk motar da ta taso sai na miƙe, har mai furar ta ce, "Baba, gwiwarka za ta ƙare kahin baƙonka shi zo."

Sai wani ya wuce da wani farin bijimi mai ƙaho kamar baka. Maccido bai taɓa barin bijimi ya wuce shi ba a rayuwarsa. Ya ce, "Yanzu nake dawowa, in ji kuɗinshi kawai." Ya bi shi bayan rumfuna.

Ƙurarsa ba ta kwanta ba motar ta iso.

Doguwa ce, da tutar Nijar a gilashi. Ta tsaya a ɗaya hannun titi. Mutum ɗaya ya sauka da fasfo ɗinsu duka a hannu ya shiga ofis, sauran suka sauko miƙe ƙafa, duk cikin riga iri ɗaya. Na miƙe. Wata tirela ta shiga tsakaninmu, wata ta biyo ta. Ta ƙarƙashinsu nake ganin ƙafafu.

Da suka wuce na gan shi. Bayansa na gani, wajen mai rake. Wuyan ya yi kauri, amma kafaɗar tana nan inda na san ta.

Na waiga. Babu Maccido, babu bijimi.

Na ce bari in ƙetara, sai ga jerin motoci an sake su daga shinge, ba hanya. Mutumin fasfo ya fito yana tafa hannu. Direba ya danna oda. Suka fara hawa.

Na ce, "Kai! Yaro!" Duk yaran tashar suka juyo, ban da shi.

Na ce, "Kai dogo!" Dogaye suka juyo, suka ga ba su san ni ba.

Na ce, "Ɗan Saude!" Odar wata tirela ta haɗiye shi.

Ya sa rake a hammata. Ya kama ƙarfen ƙofa. Ya ɗora ƙafa a matakala. Na tuna rabin hular rumbu.

Ban san lokacin da sunan ya fito ba. Na dai ji wani tsoho yana ihu da muryar da a da take tsayar da jirgi a tashar Kaura, yana kiran sunan mahaifina.

Ƙafar ta tsaya. Ya juyo yana duban kowa ban da ni, don ya san muryar, ya san sunan, amma bai taɓa jin su tare ba. Na sake kira. Na biyun bai yi wuya ba.

Raken ya faɗi. Ya ratso tsakanin motoci, direbobi na zaginsa, ya zo ya durƙusa a gabana cikin rigar ƙasar mutane.

"Baba! Lahiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Idon uwarka ne ke tahiya. In kana son ta gan ka, yanzu ne."

Saƙon bai isa gare shi ba. Ya koma ya yi magana da babbansu, ana ta ɗaga hannu, ana nuno ni. Daga baya aka miƙo masa fasfonsa da jakarsa ta taga. An ba shi har ganin watan azumi.

Motar na tashi sai ga Maccido yana haki. "Mi ya hwaru? Mi na rasa?"

Mai fura ta ce, "Tsohon ga ya tsai da Nijar da baki."

A hanya na miƙa wa yaron nan ƙullin dakuwar. Ya kwance, ya shinshina, ya juya fuska wajen taga. Muka wuce Gurbin Bore. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Baba, can ba ganga."

"Na gani."

"Ka gani?"

"Shayi na je sha."

Maccido ya yi ta tari. Yanzu yana zaure suna hira, ina jin muryar ta bango. Mun kwana nan da gangan. Da safe idon Saude ya fi gani.

Litinin, 23 ga Sha'aban, bayan azahar

Mun shiga gida rana na fitowa. Saude na bakin ƙofa, tana juya kai tana neman rumbunta. Na yi masa nuni, ya je ya tsaya tsakaninta da shi.

"Wa ya tsaya mini gaban rumbu?"

Ya durƙusa. "Inna, ina kwana."

 Ta laluba ta kama kansa da hannu biyu, ta juya shi wajen haske, ta matso da shi, ta ja shi baya, har ta sami daidai inda ƙofar idon ta rage. Fuskar ba ta shiga gaba ɗaya, sai ta bi ta kaɗan-kaɗan. Goshi. Gira. Tudun hanci. Ta daɗe a kan haɓa. Da ta zo kunne ta tsaya.

"Wa ya murɗe maka kunne haka?"

"Kokawa ce, Inna."

"Allah shi isa." Ta sake shi, ta gyara mayafi, ta dubi wani wajen kamar yadda ya kamata. "Ka ci abinci?"

Da ya fita zaure gaisawa da mutane, ta kira ni da hannu.

"Malam, an ce ka yi ihu a tasha."

"Wa ya ce?"

"Maccido."

"Maccido na bayan bijimi."

"Mai hura ta ba shi labari. Mi kac ce?"

"Na manta."

 Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ni ba ni iyawa. Kai da ka riga ka ɓata, sake hwaɗi in ji."

Na duba tsakar gida. Babu kowa sai rago da jar kaza. Na sunkuya kusa da kunnenta na faɗa, a hankali yadda na iya.

Daga zaure aka ce, "Na'am, Baba?"

Kunnen da aka murɗe ya fi nawa ji. Saude ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ba ce ko ɗayan.

Na ce, "Ba komi. Zo ka ɗaure ragon ga."

Yau Saude ba ta ga rumbu ba. Ta ga Halilu.